Dakalin da Ba Ya Cikin Zane

Kuna shigowa ofishina da kwamfuta a jaka, ku danna nan ku danna can, kafin shayi ya huce kun tayar da bene mai hawa uku, har da itatuwa a gaba da mota a ƙofa. Sai ku ce mini, "Kawu, ai zanen gini yanzu ba wuya." Ba na yi muku musu, don wataƙila ta wani gefen kuna da gaskiya. Amma bari in ba ku labarin aikina na farko, wani siton albasa a nan unguwar Kilomita Biyar, wanda na zana daidai da duk abin da aka koya mini, ya kuma kusa ruɓar da dukiyar wata baiwar Allah. Ban ce lallai zai amfane ku ba. Ni dai har yau da shi nake aiki.

Na dawo Bangui daga karatu a ƙasar waje jim kaɗan kafin shekarun boren sojoji. Abin da na dawo da shi bai wuce akwati guda ba: allon zane, doguwar rula ta katako, kamfas, fensira, da takarda mai shara-shara wadda in gumi ya ɗiga mata sai a sake aikin yini biyu. A unguwa ba a san sana'ar ba. An san magini, an san kafinta, an san mai walda. Amma mutumin da zai zana gida alhali bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, an rasa inda za a ajiye shi, sai aka sa mini Injiniya. Na yi bayani sau uku cewa ba shi ba ne, daga nan na haƙura.

Abin da ya fi shiga raina a makaranta shi ne ginin da ba ya dogara da na'ura: a yi bango da ƙasar wurin, a bar iska da inuwa su yi aikin fanka. A garin da siminti ke zuwa a mota tun daga Kamaru, wuta kuma ta zo yau ta ɗauke gobe, na ga kamar wannan shi ne daidai. Na ce kamar, don a lokacin a takarda kawai na san shi.

Wadda ta fara ba ni aiki ita ce Hajiya Ladidi, mai sarin albasa, ƙawar mahaifiyata. Kakanta ne ya zo daga Damagaram, ita a nan aka haife ta. Tsohon sitonta kwano ne sama da ƙasa, da rana kamar tanda, in damina ta yi nisa sai albasa ta riƙa zufa a cikin buhu tana ruɓewa. Ta samu fili a bayan kasuwa, kan hanyar da ke bi zuwa unguwar Miskine. Maƙwabta sun kewaye shi ta gefe uku, fuska ɗaya kaɗai ke kallon titi. Da na ce mata da jar ƙasa zan gina, sai ta ajiye carbinta.

"Nuhu, har ƙasar waje Innarka ta tura ka, ashe kwaɓa laka ka je ka koyo?"

"Hajiya, ba irin ta da ba ce. Matse ta ake yi a inji ta fito bulo. Kuma ina jin albasa za ta fi daɗewa a ciki."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ina kyautata zato ƙwarai, Hajiya."

Ta yi dariya har da share ido. "To, albarkacin Innarka na yarda. Amma Baba Garba ne zai ɗora bulon, don shi ba zato yake yi ba."

Baba Garba tsohon magini ne, uba Bahaushe, uwa 'yar ƙasar nan, Hausarsa rabi Sango ce, yaren ƙasar. Ranar da muka je duba ƙasar da za a yi bulo da ita, na tafi da kwalabe huɗu. Haka aka koya mana: a zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana, gobe a ga yawan yashi da yawan yumɓu. Ina cikin lakaba wa kwalabena lamba, shi ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya ɗiga mata ruwa, ya murza ta ta yi tsawo kamar yatsa, ya sansana, ya ɗan taɓa ta da haƙori. Ya yar. Ya matsa gaba kamar taku goma ya sake, sannan ya ce, "Ta nan za a haƙa. Waccan yumɓunta ya yi yawa, tsagewa za ta yi." Washegari kwalabena suka faɗi abin da haƙorinsa ya faɗa jiya. Ban gaya masa ba, amma ina jin ya gani a fuskata.

Ga yadda na tsara siton, ku biyo ni, don a nan maganar take. Albasa tana son iska ta riƙa ratsa ta. Iska mai zafi kuwa sama take yi. Don haka na ɗaga tsakiyar rufin, na bar masa doguwar kafa a ƙololuwa inda zafi zai fita. A gindin bangon da ke kallon titi na jera ƙananan kafofi masu ragar waya saboda ɓera, don sanyin ƙasa ya shigo ya maye gurbin wanda ya fita. A ciki kuma kantoci na katako masu tazara, buhu ba ya taɓa ƙasa. Tunda bangon na ƙasa ne, ruwan Bangui kuma kun san shi, sai na miƙo leɓen rufin waje sosai, ya zama rumfa, don kada ruwa ya daki bangon. Na yi lissafin kafofin nan sau uku. Na kai zanen ofis aka buga masa hatimi.

Baba Garba ya riƙe takardar a juye, ya gyara ta, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, ina dakalin?"

"Babu dakali, Baba. Zai toshe kafofin iska."

"Ka yi wa bango hula mai faɗin nan a bakin kasuwa, ka ce ba mai zama?"

"Ai sito ne, ba shago ba."

"Mutanen kasuwa ba za su karanta takardarka ba, ɗana. Inuwa za su gani."

Na san akwai wani abu a maganarsa. Amma zanen yana da hatimi, lissafin ya fita, ni kuma ina tsoron in taɓa abu ɗaya sauran su rikice. Na ce a bi takarda. Ya naɗe ta ya miƙo mini. "Kai ka yi karatu," in ji shi. Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar da aka gama, ban taɓa mantawa da ita ba. Rana tsaka muka shiga, daga titi mai ƙuna, sai muka ji kamar mun shiga ƙarƙashin babbar bishiyar mangwaro. Babu fanka, babu wuta, ƙasar da muka haƙo da hannunmu ce kawai a tsaye, ja wur, tana riƙe da sanyi. Hajiya ta ɗora tafinta a bango ta daɗe ba ta ɗauke ba. Na ɗaura ɗan zare a bakin kafa ɗaya daga ciki, yana ta rawa. Nan na ga abin da na karanta a littafi yana motsi a gabana, sai na kama tasbihi.

Ba a yi mako biyu ba Mama Awa ta iso. Dattijuwa ce mai sayar da gozo, wato garin rogo, a wani ƙaton daro, Sango take yi, Hausarta ta ciniki ce. Ta gaida Hajiya, ta jingina buhunta da bangon, ta zauna. Bayanta mai gyaran takalma ya zo, sai mai kwalayen sabulu, sai wata mai dilar gwanjo. Kowa bango yake nema ya jingina kayansa, don gindin bango ne feshin ruwa ba ya kaiwa. Ina wucewa ina ƙirga kafofina suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi niyyar in yi magana, na ce bari in ga yadda za ta kaya.

Sai sojoji suka yi bore. Ku da ba ku ga lokacin ba, ba zan iya kwatanta muku shi daidai ba. Gari ya rabu, a yi harbi a lafa, a sake. Hanyar Kamaru ta tsaya. Motar Hajiya ta ƙarshe ta shigo kwana kaɗan kafin a rufe, siton ya cika har bakin ƙofa, kuma ba wanda ya san ranar da wata za ta sake zuwa. Tsakiyar kasuwa ta zama abin tsoro, rumfunan kwano ba sa tare komai. Bangonmu kuwa mai kauri ne, kuma ya tsaya tsakanin titi da ɓangaren da harbin ya fi fitowa. Mutanen da ke ƙarƙashin rumfar suka ninka. Kaya suka taru a jikin bangon har ƙugu.

Wata safiya na shiga na tarar zaren nan ya sanƙame, ko motsi ba ya yi. Ɗakin ya yi ɗumi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda duk mai albasa ya san shi. Hajiya ta zura hannu a wani buhu na layin ƙasa ta zaro ɗaya, ta danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya fito. Ta nuna mini.

Abin da na fara yi, ina jin kunyar faɗinsa. Na samo farin fenti na ja layi a ƙasa, taku biyu daga bango, na bi mutane ɗaya ɗaya ina roƙo kada kaya su haye shi. Kowa ya ce to. Mama Awa har da yaba kyan layin. Washegari da azahar aka yi ruwa, kafin ya ɗauke kaya sun koma jikin bango, layin nawa kuma yana ƙarƙashin tabarmar mai takalma.

Na ce wa Hajiya, cikin ladabi, wataƙila sai an ɗan tashe su, ko da na kwana kaɗan ne.

"In tashe su su tafi ina?" in ji ta. "A gidanmu ba a taɓa korar mutum daga inuwa ba, balle yau da harsashi ke yawo. Kai ka ce mini gininka numfashi yake yi. To, ka sa shi ya yi da mutanen nan a jikinsa. In ba zai iya ba ka gaya mini yau, in buɗe ƙofa in rabar da albasar tun ba ta zama ruwa ba."

Duk abin da take da shi yana cikin ɗakin nan. Ni kuma na san in albasar ta ruɓe, labarin da zai zaga Kilomita Biyar shi ne ginin ƙasa ya cinye kayan Hajiya Ladidi. Ba wanda zai sake kirana, kuma ina jin ba wanda zai sake yarda da jar ƙasa a unguwar nan sai bayan wani zamani.

Na sami Baba Garba a ƙofar gidansa yana wasa bakin cokalin gininsa da dutse. Na shirya jin "ai na faɗa maka". Bai faɗa ba.

"Bulon da ya rage yana nan?"

"Yana nan, Baba. Da ɗan jan bulo gasasshe na harsashin gini. Amma siminti ko cokali babu a gari, ƙarfe ma haka."

"Wa ya tambaye ka siminti? Samo mini tsohuwar ganga, a raba ta biyu a tsaye."

Dakalin da ya gina ba irin wanda na ƙi ba ne, ko kuma in ce ni ne ban tsaya na tambaye shi irin wanda yake nufi ba. Mai rami ne a ciki. Ya kifa rabin gangar a gaban kafar iska, ya jera bulo a kanta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa har suka haɗu a sama suka yi baka, sannan ya zare gangar. Na riƙe numfashi ina jiran ya rufta. Bai rufta ba. Bulo ya danne bulo, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa, ba ƙarfe ba siminti. Na zana irin wannan baka a jarrabawa na ci, amma ban taɓa ganin an zare mata abin tallafi a gabana ba. A bakin kowace baka ya jera bulo a tsaitsaye da tazarar yatsu uku, iska ta wuce, kwali ba ya shiga.

Da aka zo faɗin dakalin na zaro tef ɗina na awo. Ya ture shi.

"Mama Awa, ara mini daronki."

"Ka zubar mini da gozo, Garba, sai ka auri mai shi."

"Ni da na tsufa? Ga Injiniya nan, saurayi."

Ya ɗora daron a ƙasa, ya ƙara masa tafin hannu ɗaya, ya ja layi da ƙafa. Shi ne faɗin. Na ce, "Baba, ba za su sake jibga kaya a gabansa ba?"

"Wa ka taɓa gani ya ajiye gari a ƙasa alhali ga tudu? Kaya za su hau sama, masu kaya su zauna kusa da su. Me zai rage a gaba? Ƙafafu. Iska ba ta jin tsoron ƙafa."

Ni ma na yi ɗan amfani, kada ku ce karatun banza ne. Shi baka biyar ya yi niyya. Na zauna a kan bulo na yi lissafi, na ga jerin bulon bakin zai rage wa iska hanya, sai an yi wa kowace kafa bakarta, tara ke nan. Na faɗa masa ina ɗar-ɗar. Ya dube ni, ya dubi takardar. "Wannan ka sani, ko kana ji?" Ashe Hajiya ta ba shi labari. Na ce, "Wannan na sani, Baba." Aka yi tara.

Da safe muke aiki, lokacin da gari ya fi lafawa. In harbi ya matso mu tsuguna a jikin bango tare da kowa, in ya yi nisa mu tashi. Masu kaya suna matsawa gaba muna bin su a baya, matan suna ɗebo mana ruwan kwaɓi. Layin ƙasa da na sama muka yi da gasasshen bulo saboda ruwa da gogayya. In ban manta ba kwana biyar muka yi, Baba Garba ya hana kowa hawa sai da aka ƙara biyu. A kwanakin nan ni da leburorin Hajiya muna ciki muna zazzage buhuna muna tsince ruɓaɓɓu, ƙofa a buɗe, wari yana bin mu har gida.

Ranar da aka hau, abin da ya faɗa shi ya faru. Daro ya hau, kwalaye suka hau, dilar gwanjo ta hau. Ƙafafu suka jeru a gaba suna lilo. Na nufi ciki zan duba zarena, sai Hajiya ta ce in dakata. Ta aika gida aka kawo mata kasko da garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, ta ajiye shi a ƙasa a gaban ƙafafun Mama Awa.

Hayaƙin ya miƙe sama kamar yadda ya saba. Ya kai gwiwa, ya tsaya kamar mai tunani. Sai ya sunkuya. Wallahi sunkuyawa ya yi, ya bi ta tsakanin ƙafafunta ya shige cikin bakar kamar ana jan sa da zare. Muka ruga ciki. Ga shi yana fitowa ta ragar waya, yana rarrafe a ƙasa, yana hawa ta tsakanin katakai da buhuna, hawa bayan hawa, har ya kai ƙololuwa inda haske ke shigowa, ya fice. A waje mutane sun fito tsakiyar titi suna nuna rufin da yatsa. Can nesa ana ta harbi, ban ga wanda ya waiga ba.

"Hajiya," in ji Mama Awa, "sitonki shaƙar turare yake kamar amarya!"

Ni da na yi lissafin, na san dalilin da ya sa hayaƙin ya bi hanyar nan, zan iya rubuta muku shi a allo. Duk da haka tsigar jikina ta tashi. Sanin abu daban, ganin iska tana yi maka biyayya ta ƙarƙashin ƙafar mai gozo daban.

Buhunan layin ƙasa sun tafi, ba a cece su ba. Sauran suka bushe suka tsaya, unguwa ta ci daga cikinsu har hanya ta buɗe. Ba zan ce dakalin kaɗai ya yi ba, don a makon an ɗan samu sauƙin ruwa, tsincewar da muka yi ma ta taimaka. Amma warin bai dawo ba, a daminar nan ko a waɗanda suka biyo. Aikina na biyu da na uku duk daga bakin mutanen da suka ga hayaƙin nan suka fito.

Bayan gari ya lafa na ɗauki zanen na kai wa Baba Garba, da fensir. Na ce takardar ba ta faɗi gaskiyar ginin ba, ya kamata a ƙara dakalin, kuma da hannunsa ya dace a ƙara. Ya juya fensirin a yatsunsa ya mayar mini.

"Ni na riga na zana nawa, ɗana. Ga mutane can zaune a kai."

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, Hajiya ma haka. Zanen yana nan a durowata yadda yake, ban ƙara masa komai ba.

Ina lura da hotunan da kuke fitarwa a kwamfuta. Sai kun gama ginin tsaf, sannan ku ɗauko 'yan mutane ku liƙa a gaba don ado, ɗaya da jaka, ɗaya yana duba waya, ba wanda ya jingina da bango. Ban ce kuskure ne ba. Amma in za ku ji shawarata, kafin ku kunna na'urar ku je filin ku zauna daga hantsi zuwa la'asar, ku ga inda inuwa za ta faɗi da wanda zai biyo ta, da abin da ya ɗauko a ka.

Wanda a cikinku ya tambaye ni ranar nan me ya sa tsohuwar rulata take da tsaga a gefe, a wurin da babu lamba, ya ce ko in ba shi ya sayo mini sabuwa: ka bar ta. Da wuƙa na yi tsagar. Faɗin daron Mama Awa ne da tafin hannu ɗaya.